Karyar Kaftin a Zaurenmu

Ina aji uku a lakwal, makarantar boko, aka kawo karyar Kaftin gidanmu a Birni. Mahaifina yana aikin wankin ciwo wurin likitan soja a bariki. Kaftin ya gaji da kwikwiyoyi, shi ya sa likita ya yanka cikin karyar ya cire mahaifa, ya ɗinke. Kaftin kuwa zai fita zagayen ƙauyuka wajen Tirmini, sai aka ce Baba ya riƙe ta kwana goma, har a cire zare.

Inna ta tsaya a bakin zaure ta riƙe haɓa.

"Kare a gidan salla, Malam? Saura ka shimfiɗa mata buzunka."

"Baƙuwa ce, kwana goma," in ji Baba.

Baba ba mai magana ba ne. Nakan zauna kusa da shi da littafina ina karatu da ɗan ƙarfi ko zai juyo, iyakarsa ya ce, "To, madalla." Amma safe da yamma sai ya durƙusa gaban karyar nan, ya tafasa ruwa da gishiri, ya jira ya huce, ya goge gefen ɗinkin da auduga, ya shafa jan magani. Duk yana yi yana lallashinta: "Sannu, sannu, 'yar gidana. Kaɗan ya rage." Ban taɓa sanin yana da wannan muryar ba.

Likita ya ce kada ta lashi wurin. Baba ya huda ƙwarya ya zura mata a wuya. Ni kuma ya ba ni aikin rubuta wa likita komai da Faransanci a kayena, littafin rubutuna na lakwal, tunda shi bai iya boko ba: lokacin wanki, ko wurin ya kumbura, ko ta ci tuwo. Na ja layuka da kyau. Bai ko duba ba.

Rana ta huɗu, ranar Alhamis babu lakwal, gwaggona ta shigo bayan Baba ya tafi aiki.

"Kai ɗan boko, wane irin zalunci ne wannan? Tun kaka da kakanni kare da harshensa yake magani. Cire mata!"

Na san ba haka likita ya ce ba, da hannuna na rubuta umurninsa. Amma na cire, ina gaya wa kaina ai babba ce ta sa ni. Na zauna ina kallo tana lasa. Da na ga jini na maida ƙwaryar, amma zare biyu sun riga sun tafi.

Baba ya dawo da azahar, ya ɗaga ƙafarta, ya daɗe yana dubawa.

"Karanta mini na yau."

Ni ba na iya barin layi babu komai, kuma ban iya rubuta abin da bai faru ba. Na karanta, na fassara: "Ƙarfe goma, na cire ƙwarya."

"Wa ya sa ka?"

Sunan gwaggo yana bakina. Na ce, "Ba kowa."

Bai dake ni ba. Ya ce in wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya miƙo mini auduga.

"Wanda ya kwance shi zai ɗaure. Daga waje kake gogewa, kada ka danna. A'a, sannu dai. Yauwa, hannunka ya fi nawa sauƙi."

Sauran kwanaki shida ni na yi wankin, shi yana tsugune a gefena, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Ya yi mini magana a kwanakin nan fiye da yadda ya yi a shekara guda, ko da yake duk zancenta ne. Wurin ya haɗe, likita ya cire sauran zaren, aka tsai da ranar maida ta bariki. Ranar da safe na wanke ciwon da ya riga ya warke, na ja aikin iya yadda zan iya, Baba yana tsugune bai ce in yi sauri ba.