Akuya da Faifan Inna

Jama'a, yau na jawo wa kaina!

Na sayo wani kwali mai ƙyalƙyali a kasuwa, an rubuta "Uwa ce hasken gida." Ni da na tsaya a aji huɗu sai da na karanta sau uku, na ce yau Maman Sadiya za ta san ta auri mai ilimi.

Na cire tsohon faifan da ke bangon ɗakinta, na wurga tsakar gida, na kafa kwalina. Kafin in sauko daga kan turmi, akuyarmu ta cinye gefen faifan.

Sai ga uwargida. "Baban Sadiya, ina faifan Inna?"

"Karanta wannan tukuna!"

"Na karanta. Shi wancan Inna ta saƙa min da hannunta, a ciwon da ba ta tashi ba."

Ta juya ta ga akuya na tauna, sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba.

Gobe sai ƙauyen Kusasu a kan babur, in durƙusa gaban ƙanwar Inna ta gyara faifan. Ku ba ni shawara: wa zan ce ya ci, ni ko akuya?