Takalmin Zaga Gari

A rumfar mai takalma nake ganinta: dattijuwa gajera, tabarau a karan hanci, ta goya jaka irin ta 'yan makaranta, cike taf. Ta ture duk masu ƙyalƙyalin da aka jera mata, ta zura ƙafa cikin wani kambas mai kauri. Ga ta nan tana kai da kawowa tsakanin rumfuna, ta hau dakali ta sauko, jakar na rinjayar ta amma ta ƙi saukewa.

"Mama, ya fa yi miki yawa," in ji mai takalma.

"Ƙafa kumbura take in ta sha tafiya, ɗana. Ƙasar waje za ni buɗe ido, kuma da ƙafata zan zaga."

"Wa zai raka ki?"

Ta harare shi ta saman tabarau. Ina jin irin iyayen nan ne da ake bar wa makullin gida in kowa ya yi tafiya.

"Na raka miji filin jirgi, na raka 'ya'ya, har jika na raka. Kullum ni ce mai ɗaga hannu. Bana su za su ɗaga mini."