Kalmar Honarabul a Littafin Baba

A gidanmu na Barnawa, kowace Lahadi bayan an tashi daga coci, ana fito da tebur gindin mangwaro, tsofaffin ma'aikata huɗu su zauna wasan haɗa kalmomin Turanci a kan allo. Kowa ya zura hannu a jaka ya ɗebo haruffa bakwai, ya san yadda zai yi da su. Babanmu, tsohon mai buga tafireta a masaƙa, shi ne alƙalin teburin.

Ƙamus ɗinsu ruwan sama ya lalata shi tun ina firamare, don haka littafin Baba ake shari'a da shi. Littafin rubutu ne mai baƙin bango, ya shafe shekaru yana kwafe kalmomi a ciki: masu Z shafinsu daban, masu Q daban, haka masu X da J, don su ne haruffa masu maki da tsoka. Ba ya rubuta kalma sai ya je laburare ya gan ta da idonsa. In ka ajiye kalma mai ɗaya daga cikin haruffan nan aka yi gardama, sai a buɗe littafi. In babu ita, ka kwashe kayanka. Har fasto an taɓa kwashe masa.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, sai muka samu kansila. Kowa ya san mutumin nan da bumburutun fetur a bakin titin Gonin Gora, fetur ɗin ma rabinsa kananzir. Dare ɗaya ya zama Honarabul, ga tumbi, ga babbar riga tana share ƙasa. Wani ya gaya masa manya na buga wannan wasa, shi ke nan ya addabe mu da zuwa.

Ban taɓa ganin zubar da girma irin na tsofaffin nan ba. Mutanen da kan yi awa guda suna musu a kan maki biyu, yanzu har rige-rigen ba shi kujera suke. Kafin ya gama magana sun fashe da dariya. Tsohon hedimastanmu, wanda ya sha zane mu a kan gurɓataccen Turanci, shi ke buɗe masa gurbin da ake ninka maki sau uku, wai bai lura ba.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ina da difloma ta aikin sakatariya, shekara uku ina zaune a gida ina wanke-wanke. Takarduna suna hannun Honarabul. Ya ce akwai gurbi ɗaya a ƙaramar hukuma, kuma maganarsa kawai ake jira.

Ran nan a wajen wasa Honarabul ya samu Z da Q a hannu ɗaya. Ya jera su a kan gurbin ninki, ya cusa wasula a tsakani, ya jingina yana hura hanci. Abin da ya haɗa ko aljanu ba sa irin wannan Turancin. Babu wanda ya yi gardama, amma hannun Baba ya saba, ya riga ya buɗe littafi. Ya bi shafin Z da yatsa, ya koma na Q, ya ce babu ita.

Honarabul ya ce a wani taron bita a Abuja ya ji ta, littafin ne ya tsufa. Hedimasta, ko kunya babu, ya ce yana jin sunan wani tsuntsu ne. Sauran biyun suka gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Sai Honarabul ya zaro biro daga aljihu ya ɗora a kan littafin.

"Baba, ai sai a ƙara ta, zamani ya canza," in ji shi. "Af, ina 'yata? Takardunta na nan kan teburina."

Ina tsaye bayansa da faranti, na kawo musu zoɓo. Baba ya ɗago ya dube ni. Girgiza kai kawai zan yi, na san zai rufe littafinsa ya kwashe haruffan nan. Ban girgiza ba. Na tsare shi da ido irin na mai roƙo, kuma na san abin da nake yi. Ya ɗauki biron ya rubuta ta a ƙarshen shafin Z, da kyakkyawan rubutunsa, daidai da sauran.

Bayan mako biyu na fara aiki. Baba bai sake fito da teburin ba, ya ce bayansa ke ciwo. Abokan nasa suka kwashi ƙafa suka koma gidan Honarabul, inda duk abin da ya jera Turanci ne.

Da na karɓi albashina na farko na sayo masa sabon ƙamus, ƙato. Ya yi godiya, ya ajiye shi a kan kabad, ko ledarsa bai cire ba. Na ɗauko littafin na buɗe shafin Z, na miƙa masa biro, na ce don Allah ya soke ta, ai aiki ya riga ya samu. Ya daɗe yana kallon layin, sannan ya mayar mini da biron.

"Bar ta," ya ce. "Ai ita ke ciyar da ke."