Kaskar Gidan Oga Gilbert

Ni magini ne. Shekara ashirin da biyu ina ɗora bulo a kan bulo a garin Gombe, kuma na lura mai yawan bayani ba ya iya aiki. Shi ya sa nake ganin girman Bappa Joda, wanda in ya yi magana biyar a wuni, to ranar ya yi surutu.

A ruga aka haife shi, can wajen Dukku. Ya bi shanu tun bai iya ɗaura wando ba. Ciwo ya ci wasu, ɓarayi suka kore wasu, auren 'ya'ya ya cinye sauran. Ya shigo gari da sandarsa da butarsa, ya yi dako a Bolari har baya ya ƙi, daga nan ya samu gadi a unguwar Malam Inna, gidan Oga Gilbert, tsohon ma'aikacin gwamnati. Gidan mutum biyu ne, Oga da matarsa Madam Theresa, sai wani kare mai gashi buzu-buzu da suke kira Kaftin.

Tun ranar farko Joda ya faɗi sharaɗinsa. Zai buɗe ƙofa, zai yi shara, zai tura wa kare abinci da sanda, amma hannunsa ba zai taɓa shi ba. Shekara uku aka yi a haka lafiya lau.

Sai kaska ta kama Kaftin. Aka sayo sabulu, aka sayo hoda, aka ɗaura masa wani abin wuya mai wari. Wani makanike ya ce a shafa masa baƙin mai. Aka shafa, karen ya shiga falo ya goge shi tas a jikin kujerun Madam. Likitan dabbobi ya zo ya ɗiga masa magani a ƙeya, kaska ta zube. Bayan 'yan makonni ta dawo da danginta.

Abin ya ɓaci ranar wata Lahadi, da Madam ta ciro kaska daga bayan kunnenta a tsakiyar coci, tana cikin mawaƙa. Ta dawo gida ta yanke hukunci: kullum a yi wa kare wanka da magani. Oga yana fama da ƙugu, ita kuma ta rantse ba za ta ƙara taɓa shi ba. Saura maigadi.

“Bappa, kafin ƙarshen wata,” in ji ta, “ko ka wanke shi, ko mu nemi wanda zai iya.”

Joda yana da mata da jikoki biyu a ɗaki ɗaya a Dawaki, kuma babu mai ɗaukar tsoho aiki. Ya ɗauki kujerarsa ya ajiye a gaban ɗakin karen, ya zauna yana kallon bango.

Lokacin ina gidan ina gyaran matakala, da idona na gani. Kwana uku yana kallon bangon nan.

“Bappa, talabijin ka samu?” in ji Madam.

“Kusan haka, Madam.”

A rana ta huɗu ya kira ni. “Bilyaminu, ara mini gudumarka.”

Ya ƙwanƙwasa wata tsaga a bangon, filasta ta ɓalle kamar ƙanzo. Wallahi sai da na ja da baya. Kaska ce cunkus, manya da ƙanana, ga ƙwai kamar an zuba gero. Oga Gilbert ya leƙo, ya dafe ƙugu ya koma da baya.

“Maigida, maganinku yana kashe ta,” in ji Joda. “Amma ta jikin kare yake kashewa. Ita kuwa in ta sha ta ƙoshi, sauka take yi ta nemi rami ta haihu. A ruga in ta yi yawa, tashi muke yi mu sa wa wurin wuta.”

“Gidan nawa za ka ƙona?”

“A'a. Toshewa za a yi. Wa ya gina ɗakin nan?”

Ni na gina shi. Buhu huɗu na siminti na nema, Oga ya ba ni biyu, ya ce ai kare ne.

Muka ɗaure Kaftin a bayan gida. Joda ya ƙone tsummokaran da karen yake kwana a kai, ya fesa magani a kowace tsaga, tun daga ɗakin har katanga. Ni kuma na bi da siminti na yaɓe, wannan karon da buhu huɗu. Likita ya dawo ya sake ɗiga maganinsa, ya dubi bangon ya ce, “Ai na gaya musu. Yana ma rubuce a takardar maganin.” Wataƙila ya faɗa. Faɗa dai ba ta toshe rami.

Ƙarshen wata Madam ta manta da rantsuwarta. Ta sa tabarau, ta bi kunnen Kaftin da tsakanin yatsunsa tana bincike kamar 'yar kwastan. Ba ta samu ko ɗaya ba. Ta miƙe ta karkaɗe zane.

“Likitan nan ya iya aiki,” in ji ta. Ta wuce ciki. Ba a jima ba ta fito da kwanon shinkafa, da cinyar kaza a sama, ta ajiye wa Joda ba tare da ta dube shi ba.

Bai kai ga wanke hannu ba Kaftin ya ƙwace daga igiya. Ya zo da gudu, ya ɗora ƙafafunsa biyu a ƙirjin Joda, ya lashe masa gemu daga ƙasa har sama. Sabulu guda ya ƙare ranar, Joda yana wanka yana faɗa da Fulatanci.

Har yau yana nan a bakin ƙofar. Kaftin yana kwanciya kusa da shi, daidai tsawon sanda.