Zanen da Sabo Ya Naɗe

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Sabo, mai walda a Nasarawa Gwom, amma sai makon jiya na san girman abin da na yi masa.

Wata shekara masallacin unguwarmu ya ba shi aikin ƙafar tankin ruwa. Ya zo da zane mai rassa kamar bishiya, tsakiyarsa a huje, kusurwoyinsa a lanƙwashe. Ya ce nauyi yana da hanyar da yake bi zuwa ƙasa, duk ƙarfen da ba ya kan hanyar nan ƙarin kaya ne kawai. 'Yan kwamiti suka ce so yake ya rage ƙarfe ya sayar. Ni yayansa, a gaban jama'a na ce, "Sabo, kar ka kashe mana mutane a wurin alwala. Yi irin wadda kowa ke yi." Ya naɗe takardarsa, ya mayar da aikin. Bai ƙara nuna mini zane ba har ya rasu.

'Yarsa Rukayya tana karatun injiniya yanzu. Ta zo gidana a Daɗin Kowa da kwamfuta da wannan takarda, wadda ta tsinta a akwatin mahaifiyarta. Ta zana ƙafar tanki cike da ƙarfe a kwamfutar, ta shigar da nauyin tanki da ƙarfin iska, ta sa wa na'urar sharaɗi kada wani sashe ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Ina kallo kwamfutar tana zaftare ƙarfe kaɗan-kaɗan, har rassa suka fito. Rukayya ta shimfiɗa zanen kusa da allon.

"Baffa, dubi kusurwar nan. A nan ƙarfe ke fara tsagewa, shi ya sa na'urar ta lanƙwasa ta. Baba ma ya lanƙwasa."

Mutumin da bai wuce firamare ba! Na ajiye kofin shayin da ke hannuna.

Da yana raye, ba na jin zai yi mini gori. Zai matso ne ya tambayi na'urar ko ta san tsatsar damina. Idon nan nasa yana nan a wurin 'yarsa, abin da ya rage ke nan, kuma ba kaɗan ba ne.

Na gaya mata ni na tsayar da aikin. Sai ta tambaye ni:

"Baffa, ka duba zanen kafin ka yi magana?"

Ban duba ba. Allah Ya haskaka kabarinka, Sabo, ni kuma Ya yafe mini.