Jar Fitilar da ke Jin Sallama

Kunnen Baba bai mutu rana ɗaya ba. A hankali ya riƙa ja baya, har aka kai lokacin da sai ka sa bakinka a kunnensa na dama ka ɗaga murya kafin ya gane abin da kake cewa. Rashin hira bai dame shi kamar rashin jin sallama ba. Duk ƙauyenmu, can gefen garin Ƙofa, an san shi da amsa sallama tun baƙo bai rufe baki ba. Yanzu ga shi zaune a shigifa, bango ɗaya ne tsakaninsa da zaure, mutum ya yi ta sallama bai sani ba.

Ni ne ɗan fari, don haka ni na zama kunnensa. Daga firamare ban wuce ba, Baba ya ce gona tana bukatar hannu. Noma nake yi, in na dawo kuma ina tufkar igiya. Sai na mayar da tufkata zaure. Baƙo ya yi sallama in amsa, in shiga shigifa in taɓa gwiwar Baba in nuna masa ƙofa. Shekara biyu muna haka. Bai taɓa ce mini sannu ba, kuma ban sa rai ba. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, balle ya yabe shi. "Kai" yake ce mini. Na san kunya ce, ba ƙi ba.

Autanmu kuwa an tura shi Kano koyon aikin rediyo da lantarki. Wata damina ya zo hutu da kwali cike da matattun kayan rediyo. Kwana biyu yana kallon yadda nake tashi ina taɓa gwiwar Baba, ran na uku ya ce, "Yaya, wannan wahalar ta ƙare."

Ranar ana yayyafi, ba a je gona ba. Ya hura gawayi a zaure ya sa ƙarfen liƙi a ciki. Ya ciro 'yan jajayen fitilun nan na jikin rediyo mai kaset, waɗanda suke rawa idan ana kiɗa, guda shida, ya jera su a kan guntun katako. Ya haɗa su da tiranzista biyu da batir huɗu da ya naɗe a takarda. Sannan ya nuna mini wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, da zane a fuskarsa kamar tafiyar tsutsa. Ya ce wannan shi ne ido. Muddin haske yana dukan sa, fitilu a kashe suke. Da zarar mutum ya tsaya a ƙofa ya tare hasken, inuwa ta faɗa masa, sai su kama.

"Yaya, riƙe mini wayar nan. A'a, ba nan ba, za ka ƙone."

"Ni da nake gyaran tocilan tun kana goye?"

"Tocilan daban, wannan daban," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba.

Na riƙe. Dalma tana narkewa tana ƙamshinta, ni kuma ina kallon yatsunsa, ba rawa ba gaggawa, ina tunanin da ni aka tura Kano da yanzu shi ne mai riƙe waya.

Ya kafa idon a bangon da ke fuskantar ƙofar zaure, ya ja waya ta saman bango zuwa shigifa, ya rataye fitilun daidai inda Baba yake kallo in yana zaune a buzunsa. Sai aka ce ni zan zama baƙo. Na fita cikin yayyafi na dawo na tsaya a ƙofa.

"Wa alaikumus salam!" na ji Baba ya faɗa daga ciki, da muryar da na daɗe ban ji ba. Sai dariya. "Kai, sake shigowa!"

Na sake. Na ƙara sakewa. Na fi sau goma ina shiga ina fita, rigata ta jiƙe, shi yana amsawa yana dariya. Ya aika aka kira maƙwabta. A gabansu ya dafa kan Auta ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka mayar mini da kunnena."

A daidai lokacin na lura da wurin da aka kafa idon. Zaurenmu yana da wata 'yar taga can kusa da rufi. Daga kaka zuwa tsakiyar rani, bayan la'asar, rana tana shigowa ta nan ta zana haske kamar faifai a bango, ya yi ta hawa a hankali. Da shi nake gane lokacin naɗe igiya. Kuma ta kan wurin idon nan yake bi. Ban yi karatun lantarki ba, amma na ji abin da Auta ya faɗa da bakinsa: in haske yana dukan idon, fitilu ba za su kama ba.

Na buɗe baki. Baba yana nan yana sa albarka. Na rufe.

Auta ya koma Kano. Bayan kwana kaɗan Baba ya nuna tarin igiyata ya ce, "Kai, ba sai ka tsare zaure ba yanzu. Ka ji da gonarka." Na kwashe kayana na koma gindin ɗorawa a bayan gida.

Baba ya riƙi abin nan kamar dabbar kiwo. Da magariba ya kashe shi da hannunsa, don duhu ma inuwa ne a wurin idon. Da safe ya kunna. Batir ya yi sanyi ya shanya shi a rana. Wata rana akuya ta shigo zaure ya amsa mata sallama. Na ce to yau za a ga aibun abin. Sai ga shi yana ba mutane labari a ƙofar masallaci, yana alfahari: ko akuya ba ta wuce fitilar Auta.

Ni kuwa ban samu sukuni ba. Na ce wa kaina ai shi ya yi karatu, wataƙila ya san da maganar rana ya yi mata dabara. Na ce wa kaina ba wanda ya tambaye ni. Na ce ai ban taɓa wayar ba, ban lalata komai ba, shiru kawai na yi, shiru kuma ba ƙarya ba ne. Amma in na ta da salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Sau uku ina fara rubuta wa Auta takarda ina yagewa, don duk yadda na juya maganar sai in ga kamar ina murna.

Da kaka ta shigo, wata rana bayan la'asar na je na duba. Faifan hasken yana zaune a kan idon. Na tsaya a ƙofa na cika ta da jikina, sannan na leƙa shigifa. Fitilu shida a mace, Baba yana jan carbi. Zan faɗi gaskiya: daɗi na ji, har cikin ƙirji. Na ce gobe zan gaya masa. Gobe ta zo na ce gobe. Ina so ya gano da kansa, ya neme ni.

Rana ta huɗu, bayan la'asar, ina cikin rumbu ina jera damman gero. Rumbun yana jikin bangon zaure, ta sama ake shigarsa. Mutanen gida duk suna gona wajen roron gyaɗa. Sai na ji sallama, kuma na gane muryar nan take. Aminin Baba ne, wani dattijon Bafulatani daga wajen Doguwa, gindin duwatsu. Tun shi da Baba suna samari shanunsa suke kwana a gonarmu da rani. Baffa muke ce masa. Ya shekara uku bai zo ba, bai san kunnen Baba ya mutu ba.

Sallama ta farko na yi shiru. Na ce bari ya ƙara ɗaya, in fito in nuna wa Baba baƙo a tsaye, fitila a kashe. Ta biyu na ji Baba ya yi tari a ciki, tari mai ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa. Har yanzu ban motsa ba. Ta uku ta zo a hankali, ba irin ta farko ba. Nan na amsa da iya ƙarfina, amma muryar mutum a cikin rumbu ba ta wuce rumbu. Kafin in taka damman nan in haura in diro, zaure ba kowa. Mutum irin Baffa ba ya yin ta huɗu.

Na ɗauki keke ko takalmi ban sa ba. Na same shi a bakin titi inda motocin Tudun Wada suke tsayawa, zaune a gindin bishiya, sanda a kafaɗa, ga ƙwaryar man shanu a ɗaure cikin tsumma a gabansa. Na durƙusa.

"Baffa, sannu da zuwa."

"Zuwa ko tafiya?"

"Baffa, Baba bai ji ka ba."

"Na ga takalminsa. Na ji tarinsa. Tun asuba nake hanya. In Kaɗon nan, babanka, ya gaji da ni, ai sai ya aiko, ba sai na zo na tsaya kamar mai talla ba."

"Kunnensa ya mutu, Baffa. Shekara ta uku ke nan. Ko ganga aka buga a zauren ba zai ji ba."

Ya sauke sandar. Ya sunkuyar da kai. "Subhanallahi. Ba wanda ya gaya mini." Sai ya ɗago. "To gidan duk kurame ne? Ba mai amsawa?"

Da na ce duk muna gona da ya yarda. Maganar ma ta zo bakina.

"Ina cikin rumbu. Na ji."

"Ta farko?"

"Har ta biyu."

"Me na yi maka, ɗana?"

"Ba kai ba ne, Baffa. Fitila ce."

Na ba shi labari tun daga yayyafi har faifan rana, kaina a ƙasa. Mota ta tsaya ana kiran Tudun Wada, Doguwa, ya ɗaga hannu ya ce su wuce. Da na gama sai na ji kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi.

"Na ga saniya tana kishin 'yar'uwarta a kan dusa. Na ga kare yana kishin ɗan maraƙi. Amma gardi da gemu yana kishin fitila, yau na fara gani. Ɗauki man nan, mu je."

Ya ƙi hawa keken. Muka taka a ƙasa.

Baba da ya gan shi ya miƙe har carbinsa ya faɗi. Suka riƙe hannu suka ƙi saki. Da aka zauna sai aka ga hira ba za ta yiwu ba sai da ni, don muryar Baffa ba ta kai. Na zauna a tsakaninsu, bakina a kunnen Baba na dama. Gaisuwa, lafiyar shanu, waɗanda suka rasu. Sai Baffa ya dube ni ya ce, "Gaya masa na zo ɗazu na yi sallama uku na tafi."

Da bakina na faɗa, da ƙarfi, kalma kalma. Fuskar Baba ta canja. Ya juya ya kalli fitilun.

"Ba ta kama ba?"

Na kai shi zaure na nuna masa tagar, na nuna masa inda hasken yake bi. Ya daɗe yana dubawa.

"Rana ce," in ji shi. "Yaron nan da damina ya haɗa, ina zai sani?" Sannan ya dube ni, abin da ba ya cika yi. "Kai ka fi kowa sanin zauren nan."

Na jira Baffa ya kawo maganar rumbu, bai kawo ba. Kalmomin nan na Baba kuwa na juya su ya fi a ƙirga. Wani lokaci in ga yabo ne, irin wanda uba zai iya yi wa ɗan fari ba tare da ya karya kunya ba. Wani lokaci in ga ya gane komai, tambaya ce ya yi mini: ka sani, me ya sa ba ka faɗa ba? Har ya rasu ban iya tambayarsa ba.

Washegari na samo gwangwanin tumatir na cire gindinsa, na kifa shi a kan idon, bakinsa yana kallon ƙofa, na liƙe gefen da laka. Bayan la'asar rana ta zo ta sauka a bayan gwangwani, na tsaya a ƙofa, Baba ya amsa. Na dawo da igiyata zaure ba tare da an ce in dawo ba, shi ma bai ce in tafi ba.

Da Auta ya zo hutun Salla ya ga gwangwanin, ya ce, "Wa ya yi wannan? Dabara ce mai kyau, Yaya." Na ji daɗi, na kuma ji haushin yadda ya faɗa, kamar malami yana duba aikin ɗalibi. A bakin Baba kuwa sunan abin bai canja ba. Da gwangwanina a jikinta, fitilar Auta ce, haka yake gaya wa kowane baƙo, ni kuma ina zaune ina jira in isar masa da amsarsu.

Baffa ya ƙara zuwa sau biyu kafin ƙafarsa ta gaza. Duk zuwan, in ya yi sallama a ƙofa fitila ta kama Baba ya amsa, ba ya shiga nan take. Sai ya juya wajen rumbu ya ɗaga murya ya sake yin wata, ko da yana gani na zaune a gabansa da igiya a hannu. Ni kuma in amsa.