Shugaban Tasha na Yini Ɗaya

Yau ƙaramar tashar jirgin ƙasarmu ta shiga tarihi: an naɗa shahararren ɗan ƙwallo shugabanta na yini ɗaya. Sunansa Kuwabara, ɗan wasan tsakiya. Na sani ne domin an rubuta a ƙyallen da ya rataya a kafaɗa.

Yana tsaye bakin ƙofar tikiti da farar safar hannu, ya karkata hular aiki don kada ta danne gashin da ya rina ruwan zuma. Tun safe alƙalaminsa a buɗe yake, ga katunan sa hannu guda hamsin, ba wanda ya nemi ko ɗaya. Da gani ya shekara goma yana miƙa wa wasu ƙwallo suna ci, yau yake jiran a gane fuskarsa.

Wata tsohuwa ta nufo shi da sauri, da waya a hannu. Ya rusuna, ya zaro kati.

"Kaka, wane suna zan rubuta?"

"Ɗan matsa, samari. Ka tare mini Mikan, hotonta zan ɗauka."

Ya matsa. Mikan kyanwar tashar ce, tana barci a kan benci. Bara ita aka naɗa shugabar tashar ta yini ɗaya, kuma ranar sai da aka ƙara wa jirgin tarago biyu saboda yawan masu zuwa ganinta.